Zafin bazara ba daga kusantar rana yake zuwa ba

Da zarar Afrilu ta kama, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu, sai ka ji ana cewa ai rana ce ta matso kusa. Lissafi bai yarda ba. Duniya ta fi kusantar rana a farkon Janairu, tazarar kilomita miliyan 147, lokacin da Kanawa ke jin ɗumi a bakin wutar mai shayi. A farkon Yuli tazarar takan kai miliyan 152.

Sirrin yana ga karkatar duniya, wadda ta kai digiri 23.4. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka kusan 21 ga Afrilu rana kan tsaya cak a saman kai, haskenta ya sauka a miƙe. A Disamba kuwa a karkace yake zuwa, ya bazu, ga ƙurar hunturu tana tare wani.

Gwada da kanka. Kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili mai laushi, ka daidaita ta da zare mai dutse a ƙarshensa. In ta jirkice ko kaɗan, awon ya lalace. Duba inuwarta wajen ƙarfe 12:25, domin tsakar ranar Kano ba ta faɗawa daidai 12 na agogo. A ƙarshen Afrilu inuwar kusan ɓacewa take. A ƙarshen Disamba za ta kai santimita 71, ta nufi arewa.

Rana kan sake tsayawa haka kusan 21 ga Agusta, amma gajimare da ruwan damina sun riga sun kashe kaifinta.