Waiwaye: Yadda igiyar USB ta zama abin gardama tsakanin waya da kwamfuta

Masu gyaran kwamfuta a Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja sun saba da wannan ƙorafi. Mutum ya jona wayarsa ta Android da kwamfuta don ya jawo intanet ta igiya, caji na shiga, intanet kuwa shiru. Wani ya ce igiyar ce, wani ya ce layin ne, wani yaron shago ya ce, "Oga, direba ce babu." Direba a nan ita ce ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Yaron ya fi kusa da gaskiya, amma maganar ba jiya ta fara ba.

Yaren da yawancin wayoyin nan ke yi da kwamfuta sunansa RNDIS. Microsoft ce ta tsara shi domin Windows, kuma mallakarta ne. Aikinsa ya sa kwamfuta ta ɗauki wayar tamkar katin sadarwa. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin USB ita ma tana da nata na kowa da kowa, ECM, sannan NCM.

Shekarar da ake tsallakewa ita ce 2010. A watan Mayunta Android 2.2 ta fito da damar raba intanet. Hankalin jama'a ya tafi kan rabawa ta iska, wato ta Wi-Fi, ba a kula da ta igiya ba. Alhali a nan aka ɗaura auren. Wayoyin suka ɗauki RNDIS, saboda kwamfutocin gidaje da ofisoshi a lokacin shi suka iya, Windows 7 tana gane shi ba sai an ɗora komai ba. Zaɓi ne mai ma'ana a ranar, kowa zai yi haka. Sai dai daga nan yaren gida ɗaya ya zama yaren kasuwa, ba da wani zama ko yarjejeniya ba, yawan masu amfani ne kawai ya naɗa shi. Duk tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba sai ya zauna ya rubuta tasa direbar, yana duba takardu yana kuma sa ido kan abin da na'urar ke aikowa a zahiri. OpenBSD, ɗaya daga cikin irin waɗannan tsare-tsare, ta samu tata a 2010. Masu Mac sai da 'yan sa kai suka fitar musu da direba mai suna HoRNDIS a 2012. Ƙaramin tsarin nan Haiku bai samu ba sai 2022, shekara 12 bayan wancan zaɓi.

A wurinmu igiyar ba ado ba ce. In an ɗauke wuta, ita ke ba waya caji tana aiki, maimakon rabawa ta iska da ke cinye batir har wayar ta ɗau zafi.

Shi ya sa hankula suka tashi a Nuwamban 2022, da Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da tsarin Linux, ya kawo shawarar kashe direbobin RNDIS. Hujjarsa tsaro ce: an gina yaren ne bisa yarda da duk na'urar da aka jona. Masu raba intanet ta waya suka yi ca, batun ya lafa, ya kuma sake tasowa daga baya.

Sababbin kaya sun fara komawa NCM. Wayar Pixel 6 ta Google, ta 2021, da shi take aiki, Windows 11 ma tana gane shi. Amma abin da ke zuwa kan teburin mai gyara a Banex tsohuwar waya ce da ta daina karɓar sabuntawa, da kwamfutar tokunbo.