Waiwaye: Stromae, daga kiɗan rawa zuwa daren da ya faɗi ciwonsa a labaran ƙarfe takwas

Duk wanda ya yi tashen samartaka ko 'yanmatanci a Garwa, Marwa ko Ngaundere, arewacin Kamaru, tsakanin 2010 da 2015, ko bai riƙe sunan Stromae ba toh ya san kiɗansa, don ba inda ba a saka shi ba, shagon aski ne, rumfar masu tura waƙa a waya ne a bakin kasuwa, shagalin ƙarshen shekara na 'yan lise (sakandare) ne, kai har gidan biki idan dattawa sun tashi an bar yara da na'ura. Mu dai rawa muka sani. Faransancin makarantarmu ya isa mu gane me yake faɗa da mun tsaya mun saurara, amma wa zai tsaya alhali kiɗa na dukan ƙirji. Alors on danse ɗin da muka yi ta tsalle a kai lissafin wahala ce tun daga farko har ƙarshe, aiki da bashi da mutuwar aure da rashin da ake yi, sannan ya ce tunda abin ya fi ƙarfinmu a tashi a taka rawa a manta. Yaro ɗan shekara 24 ne fa ya rubuta wannan.

Sunansa na yanka Paul Van Haver, an haife shi ran 12 ga Maris 1985 a Burusel ta ƙasar Beljiyam. Uwar 'yar Beljiyam ce, uban kuma Pierre Rutare mutumin Ruwanda ne mai zanen gine-gine, kuma dama ba wani zama ya yi da su sosai ba, yana zuwa yana komawa, har aka kashe shi a kisan kiyashin da aka yi wa Tutsi a 1994 lokacin yaron na da shekara 9. Uwar ce ta riƙe shi da 'yan uwansa. Da rap ya fara kamar sauran samarin unguwarsu, ya yi karatun harkar fim, yana haɗa kiɗa a ɗaki da kwamfuta da ɗan ƙaramin madanni, har yana ɗora bidiyo a YouTube yana koya wa mutane yadda ake haɗa waƙa daga ganga zuwa murya cikin barkwanci. Alors on danse ta fita 2009, kafin 2010 ta ƙare ta hau lamba ɗaya a ƙasashen Turai da dama, Kanye West ma ya sa murya a wani sabon zubi nata. Faifansa na farko Cheese ya biyo baya a 2010 ɗin.

Amma inda mutumin ya nuna ko shi waye sai a Racine carrée na 2013. Ni a ganina a waƙar faransanci ta zamanin nan ba a yi faifai kamarsa ba, kuma ba don kiɗan ya fi na kowa daɗi ba ne, a'a, don yadda yake ɗauko maganar da mutane ke kunyar yi ya naɗe ta cikin kiɗan da ƙafa ba ta iya ƙi. Papaoutai kukan yaro ne da ke neman ubansa, ga jita irin ta rumbar Kongo a ƙasa tana tafiya, shi ya sa ta shige mu nan take don kunnenmu ya saba da wannan tun kaset ɗin iyayenmu. Akwai wadda ya yi wa cutar kansa yana mata magana kamar mutum yana tambayarta wa za ta ɗauka gaba, akwai ta jarabar Twitter, akwai ta yabon mawaƙiya Cesária Évora ta ƙasar Kef Bad. A Faransa kaɗai faifan ya haura kwafi miliyan 2, a zamanin da kowa ya daina sayen faifai. Turawa suka dinga haɗa shi da Jacques Brel, babban mawaƙin Beljiyam na da.

Bidiyon Formidable kuwa sai an ɗan tsaya a kansa. Da sassafe ana yayyafi ya fito tashar taragon cikin gari ta Louise a Burusel, riga a yamutse, yana tangaɗi yana surutai shi kaɗai kamar wanda ya kwana a mashaya, alhali kamara na ɓoye tana ɗauka. Mutane na ta wucewa zuwa aiki, wasu suka zaro waya suna ɗaukarsa, kaɗan ne suka matsa don su janye shi daga hanya, 'yan sanda suka zo suka gane shi suka tambaya ko a kai shi gida. Kafin kace me hotunan sun cika intanet ana cewa shikenan ɗaukaka ta lalata yaro. Bayan 'yan kwanaki sai ga waƙar ta fito, ashe wasa ne. Abin da ke tsaya min a rai shi ne a 2013 ya gwada yadda jama'a ke yi idan suka ga mutum ya zube a titi, shekara biyu bayan nan abin ya same shi da gaske.

A 2015 ya taho rangadin Afirka, Dakar, Praya, Duwala a watan Mayu, Abijan, Libarbil, Barazabil, da niyyar ya rufe da Kinshasa da Kigali garin ubansa. Mu 'yan arewa yawanci a tele da Facebook muka gani, Duwala ba nan kusa ba ce kuma lokacin hankalin kowa na kan hare-haren Boko Haram a Kolofata da Fotokol. A watan Yuni sai sanarwa ta fito an soke Kinshasa da Kigali an maida shi Turai cikin gaggawa, dalili wai maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne ya ba shi matsala. Na tuna yadda aka yi ta dariyar abin a nan, wai ɗan Ruwanda guda ƙwayar maleriya ta kayar, mu da muke haɗiyarta kamar gyaɗa duk damina.

Toh ba irin tamu ba ce. Sunan maganin Lariam, sinadarin ciki kuma meflokin. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi a cibiyar bincikensu ta Walter Reed a shekarun 1970, kamfanin Roche ya kai shi kasuwa, Amurka ta amince da shi a 1989. Matafiya ake ba wa, ƙwaya ɗaya duk sati, kuma yana daɗewa a jiki makonni kafin ya fita. Yawancin masu sha ba abin da ke samunsu, amma wasu yana taɓa musu ƙwaƙwalwa, mugun mafarki, rashin barci, fargaba, zargin kowa, ganin abin da babu, har tunanin kashe kai, kuma a wasu abin kan ci gaba watanni ko shekaru bayan an daina sha. A Yulin 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani da take sa wa magani, kuma ba a ba wanda ya taɓa ciwon damuwa. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya hana yaransa ƙwayoyin da masu zagayen gida-gida ke rabawa da damina a Arewa da Arewa Mai Nisa, ko ya ƙi Coartem da aka rubuta masa a lopital, waɗannan daban suke babu meflokin a ciki, kuma zazzaɓin da suke karewa shi ne ke kwashe mana yara.

Shi da bakinsa ya ba da labarin daga baya, a wani fim na gaskiya kan harkar maganin maleriya da ya fito 2017. Ya ce ya daina barci, yana ganin abubuwa, kansa ya juye, kuma ɗan uwansa da ke tare da shi a tafiyar ne ya lura cewa wannan ba gajiya ba ce kawai, ya ce ba don shi ba da wataƙila a daren nan ya kashe kansa. Kuma bai ɗora wa ƙwayar laifin duka ba, ya yi maganar gajiyar da ta taru masa, kusan shekara biyu yana hawa dandamali gari bayan gari ba hutu, ga kuma nauyin tunkarar ƙasar da aka kashe ubansa. Duk da haka ya miƙe ya cika alkawari, farkon Oktoban 2015 ya yi wasa a Madison Square Garden na New York, ya dawo ya biya Kinshasa bashinta, ya rufe a Kigali ran 17 ga watan. A Disamba ya auri Coralie Barbier. Daga nan ɗif.

Shekarun da suka biyo ba wai zaman banza ya yi ba, yana harkar tufafi da kamfaninsa Mosaert, yana shirya wa wasu bidiyo, an haifa masa ɗa a 2018, ya sa murya a waƙar Coldplay ɗaya a 2019 wadda Femi Kuti ma ke ciki, amma faifai nasa na kansa babu.

Nan ne nake so mu kalli kanmu kaɗan. A ce ɗan unguwarmu ne ya kwana uku bai runtsa ba yana cewa ana binsa, me za a fara cewa? Iska ce. Jifa aka yi masa don an ga ya samu. Ko kuma a ce tramol ne, musamman in ɗan moto ne, daga nan an gama da shi ba mai sake tambaya. Akwai wani tela a layinmu, yaro mai hannu wallahi, sallah guda ya dinga kwana a kan keke, bayan sallar sai ya daina buɗe shago, yana zaune a zaure ya zuba wa bango ido, ƙyallayen mutane jibge a gefe da alli a jikinsu ba a yanka ba. Goggonsa ta leƙo ta ce "Kai ɗan nan, tashi ka yi ta istigfari, namiji ba ya haka." Ba mugunta ba ce, iya abin da ta sani kenan. An yi rubutu an yi hayaƙi an yi ruƙiyya, kuma ni ban raina addu'a ba ko kaɗan, amma sai da yayansa ya dawo daga kudu ya ce "Goggo, a haɗa da likita mana" sannan aka motsa. Motsin ma ba sauƙi, babban wurin da kowa ya sani a Kamaru kan ciwon ƙwaƙwalwa shi ne asibitin Jamot a Yawunde, daga Marwa sai ka yi wunin mota zuwa Ngaundere ka kwana a jirgin ƙasa, da mara lafiya da mai jinya da kuɗin ordonans, wato maganin da likita ya rubuta, talaka ina zai iya. Ga kuma dubban mutanen da ke sansanin 'yan gudun hijira na Minawao tun 2013 da waɗanda aka kora daga ƙauyukan bakin iyaka, waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, su ma haka suke kwana ido biyu.

Stromae ya dawo a Oktoban 2021 da Santé, gaisuwa ga masu aikin da ba a gani, masu shara da masu aikin dare da masu hidima lokacin da wasu ke shagali. Sai ran 9 ga Janairun 2022 aka gayyace shi labaran ƙarfe takwas na dare a TF1, gidan tele na Faransa, wanda miliyoyin mutane ke kallo. Hira ake yi lafiya lau, yana zaune cikin kwat, sai mai gabatarwa Anne-Claire Coudray ta tambaye shi ko waƙa ta taimaka masa ya fita daga kaɗaicin da ya sha fama da shi. Bai amsa da magana ba. Kiɗan piyano ya taso, ya juyo ya kalli kamara ido cikin ido daga kujerar da yake, ya rera L'enfer, inda ya faɗa ƙarara cewa tunanin kashe kansa ya sha zuwa masa, ba ya alfahari da hakan, kuma ya san ba shi kaɗai ba ne. Washegari 'yan jaridar Faransa suka rabu biyu, wasu na cewa an maida labarai tallar faifai tunda shiri ne aka tsara tun farko. Eh an tsara, kuma eh faifai zai sayar, amma shugaban hukumar lafiya ta duniya Tedros ya fito ya gode masa, kuma masu layin wayar 3114 da Faransa ta buɗe don masu irin wannan tunani sun ce kira ya ƙaru bayan daren. Ni wannan ya fi min nauyi a kan ƙorafin 'yan jarida.

A wurinmu maganar ta fi haka wuya, don kowa ya san hukuncin kashe kai a addini, sai tsoron hukuncin ya sa ko tunanin ma ba a iya furtawa, mutum na jin abin na zuwa masa ba da sonsa ba amma ya san in ya faɗa za a ce imaninsa ne ya yi rauni, sai ya haɗiye. Alhali wanda ya faɗa shi ne ake iya riƙewa.

Akwai kuma wata magana da masoyansa ke yi da ba na so, wai ai ciwon ne ya ba shi basira, wai sai mai ciwo a rai ke iya irin wannan rubutu. Ku duba lissafin mana. Cheese 2010, Racine carrée 2013, duk kafin ya faɗi. Na uku, Multitude, sai 4 ga Maris 2022, kusan shekara 9 tsakani, shekarun da mawaƙi ke kan ganiyarsa. Basirar tana nan tun yana haɗa kiɗa a ɗaki, ciwon cinye masa lokaci ya yi. Multitude ɗin ma da ya zo aikin mai natsuwa ne, ya jawo kayan kiɗa daga Sin da Kudancin Amurka da amshi irin na Bulgeriya ya jera su ba wanda ya danne wani, kuma ya ci kyautar faifan shekara da ta gwarzon mawaƙi a bikin kyaututtukan waƙa na Faransa, Victoires de la musique, na 2023.

Ana cikin wannan murna, ya fara soke wasanni a bazarar 2023, sannan a watan Mayu ya sanar cewa rangadin gaba ɗaya ya tsaya, ya ce lafiyarsa ba za ta bar shi ya ci gaba ba, yana buƙatar dogon hutu cikin iyalinsa. Bai faɗi sunan ciwon ba a wannan karon, kuma ba dole ne sai ya faɗa ba, mutumin da ya riga ya buɗe cikinsa a gaban duniya sau ɗaya ba bashi ya ci ba da za a ce kullum sai ya biya. A Nuwamban 2024 aka sake jin muryarsa a waƙa ɗaya tare da mawaƙiya Pomme, Ma meilleure ennemie, wadda aka yi wa shirin zane na Arcane, ta kuma zagaye duniya cikin 'yan kwanaki.