Mece ce turjiya a wayar lantarki?

Turjiya ita ce tirjewar da abu yake yi wa wutar lantarki lokacin da take ratsa shi. Ita wutar kanta wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira elektron suke kwarara a cikin ƙarfe, kuma da amfiya ake auna yawan kwararar tasu. Abin da ke tura su shi ne matsin lantarki, ma'auninsa bolt; a gidajen Najeriya 230 ne ƙa'ida. Turjiya kuwa da om ake auna ta, an ɗauko sunan daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa dokarta a 1827. Dokar ba ta da wuya: raba matsi da turjiya, ka sami yawan wutar da za ta wuce. Bolt 230 a kan om 46, amfiya 5 ke nan.

Azurfa ta fi kowane ƙarfe ba wuta hanya, sai jan ƙarfe, wanda ake wayoyin gida da shi saboda ya fi araha. Alminiyum na baya da su. Kamar ruwa a bututu, in waya ta yi tsawo ko ta yi siriri, turjiyarta ƙaruwa take yi. Haka ma in ta ɗau zafi.

A nan ya kamata kowane mai gida ya natsu. Duk ƙarfin da wuta ta kashe wajen kutsawa cikin turjiya, zafi yake komawa. A dutsen guga da hita da gangan ake son haka, shi ya sa ake naɗa musu waya mai turjiya sosai. A cikin bango kuwa masifa ce, domin in wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Sai ka ga an jona firji da hita da dutsen guga a siririyar waya guda, robarta ta narke, gobara ta tashi cikin dare, a ce wuta ce aka kawo da ƙarfi.

Ina ganin mafi muni shi ne fiyus ya ƙone a ɗaure gurbinsa da waya mai kauri. An yi shi siriri ne don ya riga wayar bango narkewa, ya yanke wutar tun kafin ta kama rufi.