Yadda kamfanonin Sin ke maka Ma'aikatar Tsaron Amurka a kotu

Duk mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san wayar Redmi. Kamfanin da ke ƙera ta, Xiaomi, ya taɓa kai gwamnatin Amurka ƙara, kuma ya yi nasara.

Dokar tsaron Amurka ta 1999, sannan sashe na 1260H na dokar 2021, sun ɗora wa Ma'aikatar Tsaro aikin fitar da sunayen kamfanonin da take zargi da alaƙa da sojojin Sin. A Janairun 2021 aka saka Xiaomi a jerin, abin da zai haramta wa Amurkawa sayen hannun jarinsa.

Kamfanin bai kai kukansa kotun Beijin ba, domin a ƙa'ida kotun wata ƙasa ba ta gurfanar da gwamnatin wata kan aikinta na mulki. Washintan ya nufa, ya dogara da wata dokar 1946 da ta hana hukumomi yanke hukunci bisa son rai. Tambayar alƙali ɗaya ce: ina hujja? Hujjar da ma'aikatar ta kawo ita ce lambar yabon da gwamnatin Sin ta bai wa shugaban kamfanin, Lei Jun, da kuma shirin kamfanin na zuba jari a fasahar 5G. Alƙali Rudolph Contreras ya ga wannan bai isa ba, ya dakatar da haramcin a watan Maris, zuwa Mayu aka cire sunan. A ganina ya yi daidai: zargi mai nauyi irin wannan bai kamata ya tsaya kan takardar yabo ba.

Amma ba kowa ke dacewa ba. DJI, mai ƙera jirgin nan maras matuƙi da masu ɗaukar biki ke tayarwa saman taro, shi ma an saka shi a jerin, ya shigar da ƙara a 2024, ya sha kaye a Satumban 2025.

'Yan kasuwa, a lura: wannan jeri ba ya hana shigo da kaya Najeriya. Wanda ya fi shafar mu shi ne na Ma'aikatar Kasuwancin Amurka, da ke hana sayar wa kamfani fasahar Amurka sai da lasisi. Nan aka jefa Huawei a Mayun 2019, shi ya sa sababbin wayoyinsa suka riƙa zuwa babu Play Store, mai saye ya juya ta a hannu, ya ajiye, ya nemi wata.