Tiyatar hawan jinin ido ba ta dawo da ganin da ya tafi

Mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ganinsa ya dusashe, da zarar an yi masa aiki zai koma garau. Wannan gaskiya ne game da yanar ido, domin likita yana cire yanar ya sa ta roba. Hawan jinin ido, wato gilakoma, ba haka yake ba. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai matsinsa ya riƙa lalata jijiyar gani, kuma abin da ya mutu a jijiyar ba ya farfaɗowa. Maganin ɗigawa irin su timolol, ko hasken lesa, ko tiyatar buɗe wa ruwan hanya, duk don a ceci ganin da ya rage ake yin su.

Abin takaici, wasu kan daina zuwa asibiti su ce likita bai iya ba. Alhali a Najeriya sai ya yi shekara 6 yana karatun likitanci, ya yi shekarar horo a asibiti, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa kan ido a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kafin ya keɓanta ga gilakoma.

Mafi yawancin nau'in cutar ba ya zafi, kuma daga gefe yake fara cin gani. Wanda ya haura shekara 40, musamman mai ita a dangi, ya je a auna matsin idonsa a duba jijiyar tun yana gani sarai.