Yaushe facin NFS yake shiga kanel ɗin Linux?

NFS tsari ne na raba fayil tsakanin kwamfutoci, faci kuma gyara ne ko ƙari da ake yi wa manhaja. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke haɗa na'ura da sauran shirye-shiryen kwamfuta, yana da jadawalin da kowa ke bi. Ranar da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya saki sabuwar fitowa, galibi ranar Lahadi, sai ƙofa ta buɗe na mako 2. A wannan ɗan tsakanin ne kaɗai ake karɓar sabbin abubuwa. Daga nan sai ya fitar da rc1, wato fitowar gwaji ta farko, ƙofa ta rufe, a shiga gwaji mako-mako har rc7, wani lokaci rc8 idan da sauran rina a kaba. Zagayen gaba ɗaya yakan ɗauki mako 9 zuwa 10.

Sabon shiga yakan ɗauka waɗannan makonni 2 nasa ne, ya yi ta gaggawar gama faci don ya cim ma ƙofa. Ƙofar ta masu kula da sassa ce. Su ne ke miƙa wa Torvalds abin da suka riga suka duba, suka gwada, suka ajiye tun makonni kafin nan. Ƙa'ida ita ce duk sabon aiki ya fara kwana a rumbun linux-next, wanda Stephen Rothwell ya assasa a 2008, inda ake haɗa ayyukan sassa dabam-dabam a ga ko za su zauna lafiya da juna. A watan Oktoba na 2022, lokacin fitar da 6.1-rc1, Torvalds ya nuna ɓacin ransa a fili kan masu kawo kaya a kwanakin ƙarshe, ya tunatar da su cewa aiki ya kamata ya kammala kafin ƙofa ta buɗe.

A ganina babu inda wannan doka ta fi dacewa kamar NFS. Kamfanin Sun ne ya ƙirƙiro tsarin a 1984, don kwamfuta ta buɗe fayil da ke kan wata kwamfuta can nesa kamar a cikinta yake. Mutum zai adana aikinsa, na'ura ta ce an adana, shi kuma ya gaskata. Idan faci ya zo da kuskure wajen ajiyar wucin gadi ko kulle fayil, ba lallai a gani ranar farko ba. Sai igiyar sadarwa ta yanke ana tsakiyar rubutu, ko uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin, ta mutu ta tashi, ko mutum biyu su taɓa fayil ɗaya lokaci guda, sannan bayanai su lalace shiru. Kuma Linux ba da kansa kaɗai yake magana ba, yana hulɗa da na'urorin ajiya na wasu kamfanoni, wasu kan siga ta 3 ta NFS ta 1995, wasu kan 4.1 ko 4.2. Gwada duk wannan da kayan gwaji irin su xfstests da pynfs yana cin lokaci, gaggawa kuwa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Don haka abin da mai faci zai fara tantancewa shi ne: gyaran kuskure ya kawo, ko sabon abu? Gyara yana iya shiga ko da ƙofa a rufe, sai dai gwargwadon nisan zagaye, gwargwadon tsananin tacewa. A rc2 za a saurare ka cikin sauƙi, a rc7 kuwa sai abin da ke kashe na'ura, ko ɓata bayanai, ko kafar tsaro, ko abin da da yana aiki yanzu ya daina. Wannan na ƙarshe Torvalds ba ya wasa da shi, sau da yawa ana cire facin da ya jawo shi gaba ɗaya. Mai gyara yakan sa alamar Fixes don nuna facin da ya haifar da matsalar. Tsofaffin kanel da Greg Kroah-Hartman ke kula da su ba sa karɓar gyara sai ya riga ya shiga rumbun Torvalds, ya magance matsala ta gaske, kuma bai wuce layi 100 ba.

Sabon abu sai haƙuri, kuma sai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ɓangaren kwamfutar da ke neman fayil yana da rumbunsa, wanda Trond Myklebust da Anna Schumaker suka daɗe suna riƙe da shi, ɓangaren uwar garke kuma yana bi ta hannun Chuck Lever. Facin da ya taɓa VFS, shimfiɗar da duk tsarin fayil ke dogaro da ita, yakan jira wancan canjin ya shiga tukuna, ko masu kula su yarda a bi da duka ta rumbu guda.

Ga lissafin a aikace. An saki kanel 6.8 ranar 10 ga Maris 2024. Wanda ya gama babban faci a ƙarshen Fabrairu, ana rc6, mai yiwuwa ya makara ga ƙofar Maris, domin akan duba faci a sake rubuta shi sau biyu ko uku. Zai nufi ƙofar da ta buɗe bayan 6.9 a watan Mayu, aikinsa ya fito cikin 6.10 ranar 14 ga Yuli.