Ambaliyar Accra: sauyin yanayi ne, ko kwata ce ta toshe?

Duk daren da aka kwana ana ruwa, washegari teburin mai shayi a unguwar Nima da ke Accra ba ya rasa gardama. Wani ya ce duniya ce ta ɗumama, wani ya ce gwamnati ce ba ta yashe kwata ba, Alhaji kuma ya kurɓi shayinsa ya ce ikon Allah. Tambayoyin nan daga can na kwaso su.

Wai mece ce ɗumamar duniyar nan?

Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko gas ko kwal ko itace, yana sakin iskar kabon. Zafin rana ya shigo, ita kuma ta hana wani kaso nasa komawa sama. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowace miliyan ɗaya ta ƙwayoyin iska kusan 280 ne kabon. Yau sun haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗara wancan zamanin da kusan digiri ɗaya da rabi.

Digiri ɗaya da rabi har wani abu ne?

A tambayi wanda ke kwana a ɗakin kwano a Maamobi cikin watan Maris, ranar da aka ɗauke wuta. Amma babbar illar tana sama. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Idan ta tashi saukewa kuwa, sai ta juye shi kamar da bakin ƙwarya, ruwan da a da zai ɗauki yini ya zubo cikin 'yan sa'o'i.

Ke nan ita ce ke cinye mana gari duk watan Yuni?

A nan ne nake rabuwa da mutane da yawa. Accra ba garin ruwan sama ba ne. Abin da take samu a shekara bai kai na Kumasi ba, ko kusa. Amma gari ne da ke kwance a bakin teku, ruwan da ya gangaro daga tsaunukan Akwapim sai ya bi kogin Odaw, ya ratsa unguwar Alajo da shataletalen Circle, ya faɗa tafkin Korle kafin ya ga teku. Babbar kwatar Nima ma can take kai nata. Ka tsaya a kan gada ka leƙa da rani: yashi, ledar ruwan sha, roba, tsohuwar katifa, wani lokaci har gawar firiji. Fadamun da a da suke shanye ruwa an cike su an yi gini, an shafe tsakar gida da siminti. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Daren 3 ga Yuni, 2015, mutane sun fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da Circle, mai ya bi saman ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Ba zan ce ɗumamar duniya ce ta kashe su ba. Ita tana ƙara wa ruwan ƙarfi, kuma za ta ci gaba da ƙarawa, amma toshewar hanyar aikinmu ne. Shi ya sa idan na ji babban mutum ya tsaya gaban kyamara da takalmin roba yana ta ambaton sauyin yanayi, nakan so in tambaye shi yaushe rabon da a yashe Odaw yadda ya kamata.

Tekun fa, da gaske tana matsowa?

Tana matsowa. Ruwa idan ya yi ɗumi yana kumbura, ƙanƙarar ƙarshen duniya kuma tana narkewa. Mutanen Keta da Fuveme a yankin Volta sun ga igiyar ruwa ta ci gidaje da makaranta. Sai dai ko a can akwai hannun mutum: tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, yashin da kogin Volta ke kai wa gaɓar teku ya ragu, ga masu kwasar yashin gini.

Ni ɗan kasuwa ne a gari, ina ruwana da damina?

Ruwanka yana cikin tukunya. A tsakiyar daminar 2024 ruwa ya ɗauke makonni a arewacin Ghana, masara ta ƙone a gona, har a watan Agusta gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje. Hajiya mai koko da ƙosai ba ta karanta rahoton kowa ba, ta dai rage girman ludayi. Albasar da 'yan'uwanmu ke saukewa a kasuwar Adjen Kotoku daga Nijar take zuwa, tumatir da yawa daga Burkina Faso, duka ƙasashen da damina ke yi wa gardama.

Malam, ba ikon Allah ba ne duk wannan?

Ikon Allah ne, Alhaji, babu mai ja. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ledar da ke cikin kwata ba daga sama ta faɗo ba.

To su wa suka jawo, su wa za su biya?

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Sin da Amurka ne a gaba, Turai kuma ta daɗe tana yi. A yarjejeniyar Paris ta 2015 an amince a yi ƙoƙarin tsayar da ƙarin zafin a digiri 1.5, a taron sauyin yanayi na Masar na 2022 kuma aka yarda a kafa asusun biyan asara ga ƙasashe irin namu. Wani tela da ke zaune a ƙarshen benci ya tambaye ni ko asusun zai saya masa keken ɗinkin da ruwa ya lalata bara. Na ce masa kada ya jira. Ya ce dama ya riga ya ɗora sabon a kan bulo huɗu.